Awa Ɗayar da Na Faɗa Miki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, Ya yalwata shi, Ya haskaka shi. Ni ce Ramatu, autarki, nake rubuto miki daga Gyadi-Gyadi a Kano, unguwar da na zo da izininki ban kuma bar ta ba har yau. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Na kuma san mutane za su karanta, har da 'yan gidanmu na Jimeta. Da gangan na bar ta a buɗe, don akwai wanda ya kamata ya ji abin da zan faɗa miki.

Makon jiya na hau jirgin sama daga Kano zuwa Yola. Wurin aiki ne suka tura mu taro, su suka yanki tikitin. Da jirgin ya ɗaga na duba agogona, da tayarsa ta taɓa ƙasa na sake dubawa. Awa ɗaya ce, ba ta ma gama cika ba. Abokiyar aikina da ke kujerar kusa da ni ta ga hawaye suna zubo min, ta ɗauka tsoro ne, tana ta dafa ni tana cewa in kwantar da hankalina ai an sauka lafiya. Inna, wannan ne hawana jirgi na farko tunda kika haife ni. Ke kuwa kin bar duniya kina zaton na saba da shi kamar yadda na saba da acaɓa.

Kin san yadda abin ya faro, amma rabi kika sani, saboda haka bari in ɗauko shi daga tushe.

Ke ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Duk macen da ta cika, kafin kuka ya gama tashi an aiko gidanmu, ki ɗauki kwallarki mai ganyen magarya da sabulu da kafur ki fita. Da na fara hankali kika riƙa tafiya da ni. A wajenki na koyi a fara da dama, a rufe mace da zane kamar tana da rai, a naɗe hannu da tsumma. Idan mun fito kikan ce min, "Abin da idonki ya gani a jikin mamaciya, a ɗakin za ki bar shi." Ban taɓa jin kin yi zancen jikin kowa ba. Abu biyu kika tsana a wannan aiki, surutu da jinkirta gawa. Na sha ganin kin yi wa maza manya faɗa daga bayan labule saboda suna jiran wani ɗan'uwa daga nesa, kina cewa su kai ta makwancinta, mai zuwa ya zo ya yi addu'a.

Ke ma kina da naki abin. Akwai wani tabo a jikinki da kika samu tun kina ƙarama, iyakar abin da zan rubuta ke nan tunda ba mu kaɗai ba ne a kan wannan takarda. Ba ki taɓa shiga wanka da wani a tsakar gida ba, ba ki taɓa sauya riga a gaban mace 'yar'uwarki ba. Goggo Dije, ƙanwar marigayi Baba, da kuka zauna gida ɗaya tun kafin a haife ni, ba ta san da shi ba. Ni kaɗai kike kira ɗaki ki rufe ƙofa in shafa miki man kaɗe idan wurin ya bushe yana miki ƙaiƙayi. Wata rana ina shafawa kika ce, "Na rufa asirin matan unguwar nan kaf. Nawa ke za ki rufa. Ranar da na mutu, hannunki kaɗai nake so a jikina." Na ce Allah Ya ja kwana. Kika ce ba jan kwana kika tambaye ni ba, alkawari kike so. Na yi miki alkawari.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula na gama karatun jinya, takardar ɗaukar aiki ta zo min daga babban asibiti a Kano. Gari duk ya ɗauki zancen sabuwar gwamnati, kowa yana cewa yanzu abubuwa za su gyaru, ni kuwa a ganina nawa gyaran ne ya riga na kowa isowa. Kika karɓi takardar kika jujjuya ta, ko da yake ba ki karatun boko, kika miƙo min kika ce ba inda za ni. Ba aikin kika ƙi ba. Kin taɓa zuwa Kano sau ɗaya a mota, kin san an fita da asuba ba a isa ba sai da rana ta faɗi. Kika ce, "In na faɗi yau, yaushe za ki zo? Kin san zafin garin nan, gawa ba ta jiran mai zuwa daga Kano."

Kwana uku ina kumbure-kumbure. A na huɗu na tafi filin jirgi, tunda ba shi da nisa da unguwarmu, na tambayi wani ma'aikaci a bakin ƙofa. Ya ce a sama miƙe ake tafiya, kilomita ɗari biyar ne da ɗoriya, awa ɗaya an sauka a Kano. Ya ƙara da cewa amma ba kullum ake samun jirgin ba, wani lokaci a yi kwanaki babu, wani lokaci sai an zaga ta Legas, kuɗinsa kuma ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne. Duk na ji da kunnena. Da na dawo gida maganar farko kaɗai na kawo miki, sauran na bar su can.

Kika tambaye ni awa ɗaya kamar yaya, don ke ba da agogo kike aiki ba. Na ce kamar ki ɗora wake a wuta, kafin ya nuna na iso. Kika dubi murhu. Can kika ce, "To, ai gawa ta jira wake ya nuna. Je ki, Allah Ya yi miki albarka." Da wannan albarkar na zo Kano, kuma har yau idan na tuna yadda na same ta sai in ji kamar sato ta na yi.

Na kama ɗaki a Gyadi-Gyadi, a gidan wata Hajiya Lami, mu huɗu duk ma'aikatan jinya, kowa da garin da ta fito. Da ƙafa muke zuwa asibiti. Hajiya tana da wayar tarho a falonta, ta sa mata ɗan kwaɗo don kada mu buga, amma in mu aka kira takan ƙwala mana kira daga tsakar gida. Lambar na aika wa Yaya Isa, babban ɗanki. Na ji daɗin Kano, ba zan ɓoye miki ba. Na ji daɗin farin kaya, da yadda tsofaffi suke ce min "Malama nas," da gurasar bakin titi da muke saye idan an tashi aiki. Idan jirgi ya ratsa ta saman unguwar nakan ɗaga kai, sai in ci gaba da abin da nake yi.

Sau biyu na zo gida a shekarar farko, kuma duk a mota na zo, daga tashar Unguwa Uku. Ga abin da nake yi, Inna. Mota takan sauke ni a Jimeta bayan magariba, ƙafafuna a kumbure, bayana kamar an doke ni. Maimakon in taho gida sai in wuce gidan ƙawata Saratu, wadda muka yi makaranta tare, in kwana, in yi wanka, in goge kayana. Da hantsi, daidai lokacin da jirgi yakan sauka, sai in hau tasi in iso ƙofar gida ina ƙamshi. Ki tarbe ni kina cewa, "Kun gani ko? Ko ƙura babu a jikinta." Ni dai ban buɗe baki na ce a jirgi na zo ba. Da wannan nake lallashin kaina, wai ai ban yi ƙarya ba.

Amma da kika zaunar da ni kika ce in ba ki labarin sama, na ba ki, kuma nan kam ƙarya ce tsagwaronta. Na ce gajimare kamar auduga yake a ƙarƙashin mutum, na ce kogin Binuwai ba ya wuce zare. A bakin likitoci na tsinci duk wannan. Makon jiya na leƙa ta taga in ga ko na dace, ashe kujerata a kan fiffike take, ban ga komai ba sai ƙarfe.

Ke kuma, Inna, da ba ki surutu a kan mamata, a kan 'yarki ba ki da birki. Unguwa kaf ta ji. Duk wadda ta yi miki jajen na yi nisa sai ki ce, "Ramatu? Ai kawunsu da ke Numan ya fi ta nisa. Awa ɗaya ce." Saratu ta taɓa ce min, "Ke, ki ji tsoron Allah ki gaya wa tsohuwar nan gaskiya." Na ce ta bari in ƙara samun matsayi, in fara hawan jirgin da gaske, sai maganar ta zama gaskiya da kanta. Ina ganin lafiyarki ƙalau, ina ganin akwai lokaci.

Zuwana na biyu, ranar da zan koma, kin haɗa min yaji da kuka da busasshen kifi, sai kika zauna kina ragewa, wai an ce miki jirgi ba ya son kaya mai nauyi. Kika yafa mayafi kika ce yau sai kin raka ni kin ga tashinsa da idonki. Na ce ai ba a barin wanda ba matafiyi ba ya matso, a rana za a bar ki a tsaye. Kika cire mayafin, kika rako ni iyakar zaure. Da tasi ta sha kwana na ce wa direba tasha za mu. Ganina da ke na ƙarshe ke nan, kina tsaye a zaure da mayafi a hannu.

Ashe ban daɗe da tafiya ba ciwo ya kwantar da ke. Daga baya Yaya Isa ya gaya min sati uku kika yi, ƙafafu suna kumbura, numfashi yana yin sama. Kullum ya ce zai je ya buga min waya sai ki hana, ki ce, "Bar ta ta yi aikinta, sabuwa ce, kada a ce ta cika neman izini. In abin ya yi tsanani sai a kira ta, ba ga ta nan kusa ba." Da kin san yini guda ne tsakaninmu, da tun makon farko kin sa an kira ni, na san halinki. Ina Kano ina duba iyayen mutane, ina auna musu jini ina juya su a gado, tawa uwar tana kwance da ciwon da da ido ɗaya zan gane shi. Kuma ni na jawo.

Tsakiyar bazara ce. Ina shirin tafiya aikin safe Hajiya Lami ta ƙwala min kira, ta ce waya daga Yola. Yadda ta miƙo min kan wayar ba ta dube ni ba, na san ba lafiya. Yaya Isa ne, daga ofishin waya inda ake biya a buga. Ya ce, "Ramatu, sai haƙuri, Inna ta cika bayan sallar asuba. Ta bar wasiyya ke za ki yi mata wanka, ta maimaita har sau uku. Na roƙi Liman, ya ce za a jira ki. Maza ki hau jirgi."

Inna, a nan ne na yi babbar ƙaryar. Duk abin da na yi a baya ana iya cewa ƙuruciya ce, amma wannan ba ƙuruciya ba ce. Da na ce masa, Yaya, babu jirgi, ban taɓa hawa ba, ku sa Goggo ta yi mata ku kai ta da sanyin safiya, da an kai ki yadda kika yi ta kai mutane. Maganar tana bakina, har na buɗe shi. Sai na ji kaina na ce, "To, ga ni nan." Ya ajiye waya. Ba mu da waya a gidanmu na Jimeta, ba mu da maƙwabci mai ita, babu ta inda zan janye abin da na faɗa.

Na hau acaɓa da farin kayana zuwa filin jirgi. Na san da wuya a samu, amma duk hanya ina roƙon Allah Ya gaskata ƙaryata sau ɗaya tak. Mutumin da na tarar a bayan kanta ya ce, "Yola yau? Ai babu, Hajiya. Sai jibi. In sauri kike sai dai ki bi ta Legas ki kwana can." Na tsaya ina kallonsa. Ya ce lafiya? Na ce uwata ce ta rasu. Ya yi salati, ya ce in nemi mota tun rana ba ta yi ba. Ko da akwai jirgin ma, abin da ke jakata ba zai hau da ni ba, wannan ma na sani tun ina kan acaɓa.

Na juyo na ratsa gari zuwa Unguwa Uku. Motocin sammako duk sun tafi. Wadda na samu saura mutum huɗu ta cika, kuma direba ba ya tashi da kujera babu kowa. Na zauna a ciki, rana tana hawa, 'yan kamasho suna ta kiran Gombe, Yola, Gombe, Yola. Na duba agogo na ga awa ɗayar ta wuce tun ina filin jirgi, ta biyu ta wuce, ta uku ta shiga. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ga ina ta duba agogo, ta tambaya, na ce rasuwa aka yi min. Ta ce, "Allah Ya jiƙan ta, 'yata. Ai war haka an ma kai ta, ki daina gaggawa." Ita a saninta haka ake yi. Ni kaɗai a motar na san ba a kai ki ba.

Ba mu tashi ba sai da rana ta kusa tsaka. A Birnin Kudu aka tsaya azahar, a Darazo la'asar. Duk inda na tsuguna alwala, ruwa yana taɓa hannuna sai in tuna abin da ya kamata a ce hannun yana yi. Na san zafin Jimeta a wannan wata, na kuma san abin da zafi yake yi wa gawa, don ke kika koya min. Da muka iso Gombe rana ta faɗi, direba ya ce shi ba ya bin hanyar Numan da duhu, kowa ya nemi wurin kwana. Ba wanda ya yi masa musu, har ni. Me zan je in tarar?

Washegari da hantsi na iso ƙofar gida, daidai lokacin da na saba isowa, sai dai wannan karon farin kayan ya zama ja. Maza suna zaune a kan tabarmi a gindin darbejiya. Yaya Isa ya taso, idanunsa jajir. Kafin ya tambaya na ce, "Jirgin ne bai tashi ba." Ya ce, "Allah Ya isa tsakaninmu da su." Na sunkuyar da kai na wuce ciki.

Daga baya ya ba ni labarin yinin. Yana ajiye waya ya dawo ya ce wa mutane ga ni nan tafe. Aka tura aka haƙa kabari, aka yanka likkafani, aka ɗebo ruwa aka ajiye, aka zauna. Da hantsi ya yi sai ga ƙarar jirgi, mata suka fito tsakar gida suna ɗaga kai, wata har ta ce alhamdu lillahi, ta iso. Yaya ya ari babur ya tafi filin jirgi, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba duk macen da ta fito, har mutum na ƙarshe ya wuce, aka ce masa wannan daga Legas yake. Bai dawo ba, ya zauna a rana yana jiran na gaba. Aka yi azahar, Liman ya aika aka kira shi, ya roƙi a ƙara masa zuwa la'asar. Goggo Dije tana ɗaki tare da ke, ta jiƙa buhu ta rataya a taga, tana yi miki fifita tun safe. Da aka idar da la'asar Liman ya miƙe ya ce, "Isa, wasiyya gaskiya ce, amma mamaciya ma tana da haƙƙi. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa barin kowa ya kai war haka ba." Sai Goggo ta ɗauko kwallarki.

Gab da magariba aka kai ki. Ke da ba ki taɓa barin gawar safe ta ga azahar ba.

A tsakar gida na ga tabarmar da aka yi miki wanka a kai, an shanya ta a katanga, har ta bushe. Goggo ba ta ce min komai ba sai bayan sadakar uku. Da mutane suka ragu ta ja ni ɗakinki ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ramatu, na san akwai dalilin da ya sa ta nace sai ke. Na rufe ta da zane biyu, na kori kowa, ni na zuba ni na wanke, wallahi ban buɗe ido a kanta ba. Amma hannuna ya ji." Ta ƙara da cewa, "Shekara arba'in muna ci a kwano ɗaya ban sani ba. Ba wanda zai ji a bakina." Har ta bi ki ba ta faɗa wa kowa ba, ita da ba ta taɓa ɗaukar miki alkawarin komai ba.

Na dawo Kano na ci gaba da aiki. Na yi aure a nan, na haihu, ta farko sunanki na sa mata. Asibitinmu mutane ne daga ko'ina, matan direbobi da na leburori daga ƙauyuka, wasu mijin kaɗai ne a tare da su. Idan irin wannan ta cika babu mace tata a kusa, ni ake nema yanzu, har a cikin unguwa, daga Gyadi-Gyadi zuwa Daurawa. Ina da tawa kwallar. Da wayar hannu ta shigo, sau da yawa akan miƙo min in yi magana da 'yar mamaciya, tana kuka tana cewa a jira ta, ga ta nan yanzu. Abokan aikina suna cewa ba ni da tausayi, don nakan ce mata, "Ki bar zancen yanzu. A wane gari kike? Kin shiga mota ko ba ki shiga ba?" In ta ce tana Haɗejia ko Potiskum, sai in ce ta haƙura, ta taho a hankali ta yi addu'a, ni zan wanke mata uwa. Wasu sun zage ni, ban damu ba. Ina wanke musu nasu yadda ban wanke tawa ba.

Saura Yaya Isa. Har yau bai san gaskiya ba. Ya tsufa, gemu ya yi fari, kuma duk lokacin da jirgi ya wuce ta saman gidan sai ya yi tsaki. Duk inda aka ɗauko zancen rasuwarki yakan ce mutanen jirgi ne suka hana Ramatu wanke uwarta, yarinyar nan ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ina zaune yake faɗa, in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka baƙin ciki ne kawai. Da na je taron nan shi ya zo ɗaukata, a bakin ƙofar da ya yini a waccan rana. Ya karɓi jakata ya ce, "Yau dai sun ga dama sun tashi." Na so in gaya masa a hanya. Har muka iso gida ban iya ba, har na baro Jimeta ban iya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta miki, don na san 'yarsa za ta karanta masa.

To ga ta, Inna, ba ragi. Babu jirgin da ya ƙi tashi da ni. Ba ni da tikiti a ranar, ban taɓa mallakar ko ɗaya ba sai makon jiya. Ni na sa kika ƙi kirana kina ciwo, ni na sa kika yini a zafi, ni na tsayar da Yaya a rana yana duba fuskokin matan mutane, ni na sa hannun da ba ki zaɓa ba ya taɓa abin da kika ɓoye tsawon rayuwarki. Aikin nake so, na ga in na faɗi gaskiya ba za ki bar ni ba. Babu wani dalili bayan wannan.

Ban san yadda ake neman gafarar wanda ya riga ya tafi ba. Malamai sun ce in yi ta yi miki addu'a da sadaka, kuma ina yi. Amma ina kewarki, Inna, ina kuma jin kunyarki, kunyar ta fi kewar nauyi. Yaya yana da rai, shi kam zan iya durƙusa masa. Idan an gama karanta masa ya kira, zan ɗauka in ji duk abin da zai ce. Idan bai kira ba, zan je in same shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa na bayinSa. Duk macen da na wanke, Allah Ya kai ladan kabarinki. Allah Ya jiƙan Goggo Dije, Ya saka mata da alheri a kan abin da ta yi a madadina. Allah Ya sanyaya zuciyar Yaya Isa a kaina. Ni kuma Allah Ya yafe min, Ya sa ranar da za mu haɗu ki yarda in taɓa ki. Amin.

'Yarki da ta makara,
Ramatu
Gyadi-Gyadi, Kano